Gidanmu ya gaji makara da wankan gawa: mu mayar da hidimar sana'a ko mu bar ta yadda muka same ta?

Jikan Mai Makara:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar malamai da dattawa da duk wanda ya san hidimar jana'iza daga ciki, a kan wata magana da ta raba kan gidanmu tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa.

Mu mazauna wani ƙaramin gari ne a kan babbar hanyar da ta tashi daga Garwa zuwa Marwa, kuma a unguwar Hausawan garin, ƙofarmu ake fara bugawa idan an yi rasuwa. Kakanmu ya zo daga wajen Yola tun kafin Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960, yana sayar da yadi a kasuwa. Da yake shi kaɗai ne mai alawayyo a garin, ko tsakar dare aka yi rashi wajensa ake zuwa, shi kuwa ba ya iya barin mutum ya tafi da yadi a hannu bai san yadda zai yanka shi ba, sai ya bi shi gida ya yanka likkafanin da kansa. Daga nan limamin unguwa ya koya masa wanka, daga baya kuma ya ɗaura makara ta gwangwala ya jingine ta a zaurensa domin kada a riƙa zuwa aro wata unguwa. Sunan Mai Makara daga nan ya samo asali, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa karɓar kuɗin komai ba sai na yadi.

Mahaifinmu ne ya faɗaɗa aikin. A zamanin Shugaba Ahidjo ya sa maƙeri ya haɗa makara ta ƙarfe, ya kuma gina ɗaki a gefen zaure, da dakalin siminti mai ɗan gangara domin ruwa ya bi magudana ya fita. Lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 kuma yadi ya yi tsada, sai ya fara sayen alawayyo bandir guda yana ajiyewa, wanda yake da hali ya biya, wanda ba shi da shi a suturta mamacinsa a yi shiru. Abin da muka gada yau shi ne ɗakin nan, da makara biyu, da diga da shebur da kwanonin ɗibar ƙasa, da randuna biyu da duro ɗaya, da akwatin ƙarfe mai ɗauke da yadi da kafur da garin magarya da auduga da turare. Akwai kuma wani littafi da Baba ya riƙa rubutawa da ajami, inda yake sa sunan duk wanda aka binne da gefen maƙabartar da kabarinsa yake, kuma sau da yawa da shi muke nuna wa ɗan da ya dawo daga tafiya kushewar mahaifinsa.

Ƙanena ya daɗe yana aiki a Duwala, ya ga kamfanonin jana'iza da ake kira pompes funèbres, masu motocin ɗaukar gawa da akwatuna da farashi a rubuce. Yana so mu yi rajista, mu gina ɗakin sanyi na ajiye gawa, mu sayi mota, mu kafa allon farashi a ƙofa. Ba zan ce ba shi da hujja ba, domin makara ɗaya ta yi tsatsa har ƙafarta ta karye, dattawan da suke haƙa kabari tun zamanin Baba ƙarfinsu ya ƙare, matasa kuwa sun koma haya da babur saboda nan ne ake samun na cefane. A bazarar da ta wuce wani baƙo ya rasu a tashar mota da hantsi, amma ba mu sami masu haƙa ba sai bayan la'asar, kuma ƙasa ta yi tauri har sai da aka yi ta zuba mata ruwa kafin diga ta shiga. Ranar na ji kunyar Baba ƙwarai.

Abin da yake hana ni barci shi ne talaka. Ina tsoron ranar da za a yi rashi a gidan da babu ko na sabulu, mai gidan ya zo ƙofarmu ya ga allo, ya juya. Don haka nake tambaya: shin ya halatta mu karɓi lada a kan wannan aiki, kuma idan za mu gina wani abu da ɗan abin da muke da shi, mene ne ya kamata mu fara da shi?

Malamin Zaure, Garwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa kakanka da mahaifinka, ya sa abin da suka yi wa bayinsa ya zama haske a kaburburansu.

Ɗana, ka raba tambayarka gida biyu, domin hukuncin ladan aiki daban, hukuncin ajiye gawa daban. Wanke mamaci da yi masa likkafani da sallatarsa da binne shi farilla ce ta kifaya, wato idan wasu suka yi ta sauka daga kan sauran, idan kuwa aka bari kowa ya yi laifi. Wannan ba ya nufin gida ɗaya ne zai ɗauki nauyin gari har abada daga aljihunsa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibi a ƙasar nan ya karanta, an jera abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci: a fara da likkafani, sannan bashi, sannan wasiyya, sannan gado. Malaman mazhabarmu sun sa ladan mai wanka da mai haƙa da mai ɗauka a cikin wannan kashi na farko. Saboda haka attajirin da ya rasu ya bar shanu da gidaje, kuɗin suturarsa daga dukiyarsa ya kamata ya fito tun kafin magada su taɓa komai, kuma ba daidai ba ne a bar tsoho mai haƙa kabari ya yini cikin rana ya koma gida hannu wofi alhali ana shirin rabon gado. Wanda bai bar komai ba, nauyinsa yana kan wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa, idan babu sai baitulmali, idan babu sai jama'ar Musulmi. A nan ne asusun unguwa yake shigowa, kuma ina ganin shi ne abin da gidanku ya rasa tun farko, domin Allah ya ba ku iyaye masu rufa asiri har jama'a suka manta cewa nauyin nasu ne.

Maganar ɗakin sanyi kuwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a gaggauta jana'iza, kuma hadisin yana cikin Buhari da Muslim daga Abu Huraira. Ana iya jinkirtawa saboda larura, kamar binciken hukuma ko neman dangin baƙon da ba a san shi ba. Abin da nake tsoro shi ne idan ɗakin ya samu a cikin unguwa, larura za ta koma al'ada, a fara cewa a jira wane ya iso daga Yawunde, a jira wance ta sauka daga jirgi, kuma wanda ya zuba kuɗinsa a ginin zai so ɗakin ya riƙa cika. Ban zargi ƙanenka da wannan niyya ba, amma haka sha'anin kasuwa yake tafiya.

Idan kuna da abin gini, ku yi rumfa a filin ƙofar gida, domin a mazhabar Malik an karhanta shigar da gawa cikin masallaci don yi mata salla, kuma na sha ganin dattawa suna tsaye cikin ranar Afrilu suna jiran a fito da makara. Ku kuma tanadi itace ko tubali na rufe ƙaramin ramin tun kafin damina. Lahadu, wato ramin da ake ƙwaƙulewa a gefen kabari ta wajen alƙibla, ya fi falala idan ƙasa mai ƙarfi ce, amma a ƙasa mai rugujewa a tsaga ramin a tsakiya shi ne daidai, kuma tsofaffin masu haƙanku sun fi ni sanin wace ƙasa ce a maƙabartarku. Kada ku bari su tafi da wannan sani ba su koya wa kowa ba.

Inna Mai Wankan Mata, Ngaundere:

Salamu alaikum. Jikata ce take rubuta mini wannan, ni kuwa na fi shekara 30 ina wankan mata a unguwarmu.

Ɗana, na ji ka lissafa ɗaki da makara da diga, amma ban ji ka ambaci mata ba, alhali rabin waɗanda kuke binnewa mata ne. Ina ake wanke su? Na san amsar, domin haka take ko'ina: a bayan ɗaki, a kan tabarma ko ƙyauren da aka cire, mata biyu suna riƙe da zane don kare idon jama'a, yara suna leƙe ta katanga, ruwan wanka kuma yana bin tsakar gida har inda ake girki. A gidan haya abin ya fi muni, domin wani lokaci makewayi ɗaya ne na iyali biyar. Wankan da muke yi wa maza da mata duka, asalinsa hadisin Ummu Aɗiyya ne, lokacin da aka wanke 'yar Manzon Allah, ya ce a wanke ta sau uku ko biyar ko fiye da ruwa da magarya, a sa kafur a na ƙarshe, a fara da damanta da gaɓoɓin alwala, kuma suka yi mata kitso uku. Ilimin nan ta hannun mace ya iso gare mu, bai kamata a ce mace ce ba ta da wurin da za a suturta ta cikin mutunci ba.

Idan shawarata za ku bi, ɗakin mata shi ne farko. Ƙofarsa ta buɗe ta cikin gida, kada ta kalli zaure, tagarsa ta kasance can sama kusa da rufi, a sa sakata ta ciki. Dakalin ya kai ƙugu, domin mu masu wankan yawancinmu tsofaffi ne, kuma durƙuso a ƙasa da juya gawa mai nauyi shi ya lalata bayan da yawa daga cikinmu. A sa wurin ɗora tukunya a kusa, saboda a nan Ngaundere sanyin asuba yana sa hannu ya ƙage, ko da yake ku a can ƙasa zafi ne damuwarku. Ku kuma sani yadin mace ya fi na namiji yawa, tunda cikakken likkafanin namiji guda biyar ne, na mace bakwai, don haka lissafin bandir ɗinku ya tafi da wannan.

Game da kuɗi, ni ban taɓa yanka wa kowa farashi ba, abin da aka ba ni nakan karɓa, wani gidan sabulu da turmin zane, wani gidan addu'a kawai, kuma duka na gode. Amma ba zan ɓoye maka ba, 'yan matan yanzu ba sa zuwa koyo, wasu tsoro, wasu kuma mazajensu ba sa so a ce matarsu mai wankan gawa ce. Wadda za ku ɗauka, ku duba bakinta kafin hannunta. Mai wanka tana ganin abin da ko 'ya'yan mamaciya ba su gani ba, tabon duka ko ciwon da aka ɓoye shekaru, kuma duk abin da ta gani a ɗakin nan ya kamata ya mutu. Wannan amana ita ce ta sa ake buga ƙofarku shekara da shekaru, ka gaya wa ƙanenka in ji ni.

Ma'aikacin Lafiya, Marwa:

Allah ya ƙara wa Malam da Inna lafiya. Zan yi magana ta fuskar aikina, domin ina cikin waɗanda suka yi aiki lokacin annobar kwalara ta 2010 a jihar Arewa Mai Nisa, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane, kuma mun ga gidajen da cutar ta shiga ta hanyar wankan gawa da abincin zaman makoki.

Gawar wanda ya rasu ta hanyar tsufa ko hawan jini ko haɗari ba ta da wani babban haɗari ga mai wanka idan ya sa safar hannu ya kuma wanke hannunsa da sabulu. Gawar mai amai da gudawa daban ce. Ƙa'idar da ake bi ita ce a tsabtace ta da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, a toshe kafofin jiki da audugar da aka jiƙa a cikinsa, a binne da wuri, kuma wanda ya taɓa gawar kada ya taɓa abincin jama'a a ranar. Don haka akwatin Baba yana bukatar ƙarin safar hannu ta roba mai kauri, da takalmin roba, da rigar leda, da ruwan jabel, wato ruwan kulorin na wanki, kuma idan aka kawo muku wanda ya rasu da irin wannan alama, ku sanar da asibiti kafin ku taɓa shi. Lokacin korona a 2020 ma an ga yadda rashin shiri ya jawo saɓani tsakanin iyalai da ma'aikata a wurare da dama.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne magudanar. Ina ruwan yake zuwa bayan ya fita daga ɗakin? Idan kwata yake bi zuwa titi, to wannan ne gyara na farko, tun kafin fenti. A haƙa rami mai zurfi, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, a rufe, kuma ya yi nisan aƙalla mita 30 daga kowace rijiya. Ku kuma nemi tankin ruwa, domin randa biyu da duro ba za su ishi ranar da aka yi rashi biyu a watan Maris ba.

Ɗakin sanyi kuwa ba na ba ku shawararsa. Ana riƙe gawa ne a sanyin da bai wuce digiri 4 ba, dare da rana, a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta. Dole sai da janareto da mai da ma'aikaci, kuma idan injin ya tsaya na yini ɗaya da gawar mutane a ciki, sunan da kakanku ya gina ne zai lalace. Manyan asibitocin Garwa da Marwa suna da ɗakunan ajiye gawa, kuma larurar da takan taso jefi-jefi can ya kamata a kai ta.

Akwai hidimar da ƙanenka zai iya riƙewa wadda jama'armu suke matuƙar bukata, ita ce takardu. Mukan binne da azahar mu manta da takardar shaidar mutuwa, sai ranar da gwauruwa ta je neman fanshon mijinta ko kuɗinsa na banki a ce ta kawo. Gyaran dokar rajistar jama'a na 2011 ya ba da kwana 90 a kai sanarwar mutuwa ofishin magajin gari, a ƙarƙashinsa kuwa wanda ya wuce wa'adi sai ya bi ta kotu, da wahala da kashe kuɗi. Ɗaukar gawa daga gari zuwa gari ma yana da izininsa, bisa dokar 14 ga Maris 1974 da ta tsara binnewa da tonewa da jigilar gawa. Littafin ajamin Baba ya riga ya yi rabin aikin, saura wanda zai riƙa raka iyali ofis kafin sadakar arba'in.

Direban Kudu:

Ni ina tare da ƙanenka a magana ɗaya, ita ce mota. Na yi shekaru ina jigila tsakanin Ngaundere da Yawunde, kuma an sha ɗaukata in kawo gawar ɗan kasuwar da ya rasu a unguwar Birketiri ta Yawunde zuwa arewa. Daga Yawunde zuwa Garwa ya fi kilomita 1000, kuma abin da na gani a irin wannan tafiya ya sa nake roƙon mutane su binne mamacinsu inda ya cika, tunda akwai Musulmi da maƙabarta a can. Ba irin wannan motar nake nufi ba.

Garuruwanmu suna faɗaɗa, tsofaffin maƙabartu sun cika, sababbin kuma suna bayan gari. Ɗaukar makara a kafaɗa lada ne, amma idan tafiyar ta yi nisa kuma rana ta take, dattawa sukan kasa rakiya. Babur mai ƙafa uku da aka tsawaita bayansa daidai tsawon makara, aka yi masa rumfa, zai ɗauko mamaci daga asibiti, ya kai ruwa da itace maƙabarta, kuma gyaransa bai fi ƙarfin makanikan gari ba.

Sannan kada ku manta garinku ba na Musulmi kaɗai ba ne. Maƙwabtanku Kirista sukan jira dangi su taru, suna bukatar akwati da mota, kuma yanzu sai sun tafi birni neman su. Idan ƙanenka yana son sana'a, wannan sana'a ce, ya tambayi malamai iyakokinta, ya buɗe ta da sunansa a wani wuri, ya bar zauren kakanku a kan abin da aka san shi da shi.

Jikan Mai Makara:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa 'yan gidanmu amsoshinku bayan sallar isha'i, har da gwaggonmu, wadda ita ce take wanke matan unguwa tun Baba yana da rai. Da aka zo maganar Inna sai ta yi kuka, ta ce shekara nawa tana so ta faɗi haka amma tana jin nauyin yayanta. Inna, kin yi gaskiya, a bayan ɗaki take yi, kuma ban taɓa tambayarta yadda take fama ba.

Allah ya gafarta Malam, mun kai maganar asusu wajen liman da mai unguwa, sun amince a sanar ranar Juma'a, kuma kuɗin zai zauna a hannun mutum uku waɗanda ba 'yan gidanmu ba. Masu haƙa za a riƙa biyansu daga dukiyar mamaci idan akwai, idan babu daga asusu, kuma matasa biyu sun yarda su bi dattawan su koya. Ba za a kafa allo a ƙofa ba. Ƙanena ya janye maganar ɗakin sanyi bayan ya lissafa kuɗin mai, ya karɓi aikin takardu da lissafin yadi, amma har yanzu yana ganin mota sosai ta fi babur mai ƙafa uku, kuma mun bar wannan sai bayan kaka idan an sayar da amfanin gona.

Ɗakin mata za mu fara, a inda rumbun Baba yake a da. Da muka auna, tsohuwar magudanar ba ta kai mita 10 daga rijiyar gida ba, don haka mun daina amfani da ita tun jiya, kuma ranar Asabar za a fara haƙa sabon ramin a bayan katanga ta gabas. Gwaggo ta ce a tambayi Inna ko faɗin dakalin ya kai yadda mata biyu za su tsaya a kowane gefe, ko kuwa a jingina shi da bango.